Faifan Da Ba Na Sayarwa Ba

Tun da Gwaggo Furera ta ce yau za ta buɗe adaka, Ramla ta rasa sukuni.

Tana zaune gindin bishiyar bedi da ke tsakar gida, basilla a hannu, faifan da take ɗinki a kan cinya. Wanda ya hango ta zai ce aiki take. Ina aiki! Tun hantsi kaba ɗaya take sokawa tana zarewa, kunnuwanta duka biyu suna ɗakin Gwaggo.

Juma'ar nan mai zuwa ce manyan Muddassir za su taso daga Tasawa su zo Mayahi neman aurenta. Ba da sauƙi aka kawo nan ba. Mahaifinta, Malam Cha'ibu, bai taɓa ɓoye abin da ke ransa ba. Shi dai bai ga sana'a a wurin mutumin da ke yini yana ɗaukar hoton faya-fayai yana latsa waya ba. Alhali ga Laminu ɗan ƙanwarsa, ma'aikacin gwamnati, mai albashi, mai ladabi kamar ya kwanta a taka.

Gwaggo ce kaɗai ta tsaya wa Muddassir, kuma ita ce yayar Malam, in ta kafe a kan magana ba ya iya tsallakewa. Dalilinta ba ɓoyayye ba ne. Kafin yaron nan ya buɗe wa matan unguwa shafi a waya, 'yan sari ne ke zuwa ranar kasuwa su kwashe faifan da mace ta yi mako tana ɗinki a kuɗin da bai kai na cefane ba. Yanzu kuwa daga Yamai ake kira, daga Damagaram, har daga Kano. In an yi baje koli shi ke ɗaure buhunan a bayan moto, wato babur ɗinsa, ya kai, ya dawo ya ba kowace haƙƙinta.

To, a cikin adakar nan ta Gwaggo akwai faifai guda wanda ba irin sauran ba. Mardiya, mahaifiyar Ramla, ita ta ɗinka shi a ciwonta na ajali. Faɗinsa ya kai tire, da jan rini da baƙi, da wani irin zane mai kama da sawun tsuntsu wanda har yau ba macen da ta iya kwaikwayonsa. Uwar jere suke ce masa, shi ake kafawa a tsakiyar bangon ɗakin amarya. A gidansu ba a fito da shi, ba a nuna wa kowa, sai ranar jere. Gwaggo aka damƙa wa shi amana.

Shi ne Ramla ta ɗauka.

Ba da mugun nufi ba, wallahi. Ana gab da baje kolin Maraɗi Muddassir ya yi ta ƙorafin cewa rumfuna suna da yawa, sai an sami abin da zai tsayar da mai wucewa. Ranar da Gwaggo ta tafi suna Kanan-Bakashe, Ramla ta laluba ƙarƙashin matashi ta ɗauko makulli. A ranta aro ne, a rataya shi a gani, a dawo da shi ba wanda ya sani. Ta ba Muddassir, har sau biyu ta ce masa ba na sayarwa ba ne.

Ya rataye shi can saman rumfa, mutane kuwa suka yi ta tsayawa. Da lokacin sallar Juma'a ya yi, sai ya bar wa maƙwabcinsa Ɗanbaba mai takalman fata jiran kaya, ya manta bai gaya masa komai ba. A wurin baje koli kuwa duk abin da ke rataye na sayarwa ne. Wata mata ta zo tana sauri, ta taya, Ɗanbaba ya sallama. Ko sunanta bai tambaya ba. Muddassir ya dawo ya tarar da shi yana washe baki, wai ya yi masa ciniki mai kyau.

"Ramla!"

Basillar ta soke ta a yatsa. Ta miƙe ta nufi ɗakin.

Gwaggo tana durƙushe gaban adaka, ta fito da komai ta baje a kan tabarma, kwanuka da zannuwa da ƙananan faya-fayai. Ba ta ɗago ba.

"Ɗiyata, zo ki duba mini. Idona ne ya mutu, ko kuwa? Ban ga uwar jere ba."

Ramla ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon kayan. Tana nan tsaye sai suka ji sallamar Malam, irin sallamar da ba ta jiran amsa. Ya shigo da waya a hannu, babbar nan da Laminu ya saya masa, yana riƙe da ita nesa da jikinsa.

"Yaya, bar wahal da kanki. Abin da kike nema ga shi nan cikin waya, duniya duk ta gani."

Ya miƙa mata. Ramla ta leƙa ta bayan kafaɗarta. Hoton faifan ne a shafinsu, ɓaro-ɓaro. Malam ya latsa, muryar Muddassir ta cika ɗakin, a dashe kamar wanda ya kwana bai runtsa ba.

"Jama'a, don Allah don Annabi, duk wadda ta sayi faifan ga a fuwar, baje kolin nan na Maraɗi, ta kira ni. Ba na saidawa ba ne. Na mahaifiyar wadda zan aura ne, Allah ya jiƙanta. Ni na ɗauko shi bisa kuskure, laihina ne ni kaɗai."

Wayyo Muddassir! Shi a ganinsa dabara ya yi. Mutumin da ya saba duk abin da yake nema ya sa a shafi a kawo masa, ina zai tuna cewa akwai abin da ba a kai wa shafi?

"Kin jiya?" in ji Malam. "Wadda zai aura! Wa ya ba shi? Tun manyanshi ba su taka ƙofar gidan ga ba ya yi shela. Laminu ya turo mini, ya ce abokan aikinshi na ta tambaya tai ko ba gidan kawunshi ba ne. Kuma ki ji da kyau, ya ce shi ya ɗauko. Ta ƙaƙa? Ɗakinki ya shigo? Adakarki ya buɗe? Wanga shi ne yaron da kika ce in ba ɗiyata?"

Gwaggo ta sunkuya a kan wayar. Hoton kawai take kallo, ta sa yatsa tana shafa gilashin wayar.

Ramla ta ga in ta yi shiru, ɓarawo za a kira shi, kuma sunan zai bi shi har Tasawa. Ta zube a kan gwiwoyinta.

"Baba, ba shi ba ne. Bai taɓa shiga ɗakin ga ba. Ni ce. Ni na ɗauki makulli ranar da Gwaggo ta tahi suna. Ni na ba shi."

"Ke?"

"Ni ce, Baba. Rufa mini asiri yake."

Malam ya daɗe yana kallonta. Da ya daka mata tsawa da ta fi jin sauƙi.

"To, abin ya fi yadda na zata muni," ya ce a hankali. "Yaron da tun bai aure ki ba ya sa kin buɗe adakar gwaggonki a ɓoye, in ya aure ki mi zai sa ki?"

"Bai sa ni ba, wallahi bai sa ni ba!"

"Yi mini shiru." Ya juya ga Gwaggo. "Yaya, ke kika tsaya mashi. Mi kika ce?"

Ramla ta ɗago ido cike da hawaye tana duban Gwaggo. Sau nawa matar nan ta tare mata faɗa? Sau nawa ta ce wa Malam ya bar yarinya da abin da take so?

Gwaggo ta ajiye wayar a kan tabarma. Ta fara mayar da kwanukan cikin adaka ɗaya bayan ɗaya.

"Bakina ya fita daga maganar ga, Cha'ibu. Yi yadda ka gani."

Malam ya gyara hularsa.

"Ki gaya mashi. In faifan ga bai dawo gidan ga ba kahin Juma'a, kada manyanshi su ɓata esansin motarsu. Ba ni karɓar su."

*

Bayan rumbu ne kaɗai waya ke kamawa sosai a gidan. Nan Ramla ta raɓe, ta kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Ramla, kin ga abin da na sa? Mutane sun fara rarrabawa, in sha Allahu..."

"Ka kashe ni, Muddassir."

Ba ta jira ya amsa ba.

"Wa ya ce ka sa? Wa ka tambaya? Baba ya gani. Gwaggo ta gani. Har da wadda zan aura! Ka san mi wannan kalma ta jawo mana?"

"Na rasa yadda zan yi ne," ya ce. "Na zagaye otogar, tashar mota duka, na bi rumfa-rumfa, ba wanda ya san matar. Ɗanbaba ya ce doguwa ce mai gilashi. Mata nawa ne dogaye masu gilashi a Maraɗi? Na ce in na sa a shafi wani zai gane ta."

"Kuma sai ka ce kai ka ɗauko."

"To in ce ke ce? In tona ki gaban duniya?"

Kuka ya ƙwace mata. Haushinsa take ji, tausayinsa take ji, ta rasa wanda ya fi yawa. Ta gaya masa sharaɗin Malam, ta gaya masa Gwaggo ta janye.

"Gwaggo?" ya ce. "Gwaggo ma?"

"Ita ma."



"In cire sanarwar?"

Ta auna abin. In ya cire, ta ina matar za ta ji? In ya bari, kowace safiya sai ƙarin mutane sun ga abin da aka ɓoye shekara da shekaru.

"Bar ta," ta ce daga ƙarshe. "Abin da ya lalace ya riga ya lalace. Ka dai samo shi. Don girman Allah ka samo shi."

"Ko ƙasa ya shiga sai na tono shi. Ramla, ki ce ba ki daina sona ba."

"Da na daina da ban kira ka ba. Sai an jima, ga Gwaggo nan."

Ba Gwaggon da ke zuwa. Kukan ne ba ta so ya ƙara ji.

*

Kwanakin da suka biyo baya Ramla ba ta san ɗanɗanon tuwo ba. Waya na ƙugunta, da ta motsa gabanta ya faɗi.

Mutanen waya kuwa, Allah ya shirye su. Wasu addu'a, wasu dariya. Wani ya rubuta wai dabarar talla ce. Wata ta turo hoton murfin kwanonta na roba ta ce ko shi ne. Wasu mata daga Yamai suka dage sai an ɗinka musu irinsa, ko nawa ne. Shafin bai taɓa samun jama'a kamar wannan karon ba, kuma bai taɓa ba Ramla kunya kamar yanzu ba. In ta fita ɗebo ruwa a famfo, sai hira ta tsaya har ta wuce.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan shirun Gwaggo.

Ba ta zage ta ba, ba ta hana ta abinci ba. Ta dai daina ce mata ɗiyata. Makullin adaka kuma, wanda shekara da shekaru yake ƙarƙashin matashi, yanzu yana ɗaure a bakin zanenta.

Ran Laraba da yamma Ramla ta kasa jurewa. Ta same ta tana jiƙa kaba a kwano, ta durƙusa gabanta.

"Gwaggo, ki buge ni. Ki zage ni. Shirun ga na kashe ni."

Gwaggo ta ci gaba da juya kabar cikin ruwa.

"In buge ki ya dawo?"

"Na tuba, Gwaggo."

"Kin san yadda anka ɗinka faifan ga?" Sai yanzu ta dube ta. "Ke kina ƙarama, ba ki sani ba. Hannunta ya riga ya daina riƙe basilla. Ni ke soka mata, ita ta ja kaba da haƙori. Na ce Mardiya ki huta, ta ce a'a, ba ni ganin ɗakin Ramla, bari ɗakin ya gan ni. Ran da ta gama ta ce, Yaya, kada ido ya gan shi sai ranar. Na ce na ɗauka."

Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba.

"Ko ni ban cika buɗe shi ba. In na yi kewarta sai in sa hannu cikin adaka in taɓa bakinshi, in rufe. Yau ga shi kowane ɗan tasha na da shi cikin aljihu."

"Don matan unguwa na yi, Gwaggo. Na ce in mutane sunka tsaya a rumfa..."

"Na sani. Da kin tambaye ni da na hana, shi ya sa ba ki tambaya ba. Ba yaron nake jin haushi ba, Ramla, yaron kirki ne mai gaggawa. Amma in na tsaya gaban Cha'ibu na ce a ba shi ke, da wane baki? Amana ɗaya anka ba ni, ta fita ta hannunku ku biyu."

Ramla ta kifa kai a kan gwiwar Gwaggo tana kuka. Gwaggo ba ta ture ta ba, amma hannun nan da ya saba sauka a kanta bai sauka ba.

*

Ran Alhamis, gari na wayewa, ta leƙa shafin kamar yadda ta saba. Sai ga wani sabon rubutu a ƙarƙashin hoton, wata mata ce ta yi shi tun asuba.

Ta ce maƙwabciyarta ce ta saya, wata ungozoma, faifan yana rataye a falonta. Ta faɗi unguwar a Maraɗi, ta faɗi layin, har da launin ƙofar gidan.

Ramla ta karanta, ta sake karantawa. Daɗi ya kama ta har ta dafa rumbu. Sai kuma wani tunani ya zo ya tsinka daɗin. Matar ba a ɓoye ta turo ba. A fili ta rubuta, inda duk mai waya zai gani.

Ta kira Muddassir. Ba ta shiga. Ta sake kira, ba ta shiga. Jiya ya ce mata zai yi sammako zuwa wani ƙauye bayan Korgom, an ce an ga wata da faifai irinsa a gidan biki. Can kuwa ba a samun waya sai an hau tudu.

Ta tura saƙon murya. Ta tura wani. Ta ɗora kunu ya ƙone. Gwaggo ta dube ta, ta dubi tukunyar, ta wuce.

Sai da rana ta take sannan ya kira.

"Yanzu na samu rezo waya ta kama, na ji saƙonki! Na gani, Ramla, na gani! Ga ni bisa hanya, ko gida ba ni biyawa."

"Ka yi sauri. Kowa ya ga rubutun ga."

"Wa zai damu da shi in ba mu ba? Ki kwantar da hankalinki. Gobe war haka su Baffa, manyana, na zaune a zaurenku."

Ta so ta yarda. Ta koma gindin bedi ta ɗauki basilla, ta yi ta salati a zuci. Hanyar Maraɗi da nisa a kan moto, ga manyan motoci, ga shi da gudu in ransa ya tashi. Ta roƙi Allah ya kai shi lafiya, ta roƙi Allah ya sa matar tana gida, ta roƙi Allah ya sa mai tausayi ce.

An yi azahar, an daɗe da yi, sannan wayar ta motsa. Ta ruga bayan rumbu.

"Ka same ta?"

Hayaniyar titi kawai take ji.

"Muddassir! Ka same ta?"

"Na same ta." Muryar kamar ba tasa ba. "Matar kirki ce. Ta ce da ta sani da ba ta saya ba. Ta ce... Ramla, ta ce an riga ni."

"An riga ka? Wa?"

"Wani ya zo da hantsi cikin motar buro, irin ta gwamnati. Ya ce shi ɗan'uwan mai faifan ne, gida anka aiko shi. Ya nuna mata hoton Baba a wayarshi. Ta ce ya yi mata magana mai daɗi har ta yi ƙwalla, ta ciro ta ba shi."

 Ramla ba ta buƙaci a faɗa mata suna ba.

"Ga ni nan zuwa Mayahi," in ji shi.

"Kada ka zo."

"Sai na zo. In durƙusa gaban Baba in gaya mashi na nema, na samu, riga ni anka yi."

"Muddassir, ka ji ni, zuwanka ba ya gyara komi yau. Ka koma Tasawa, mu yi magana in hankali ya kwanta."

"In koma in ce wa su Baffa mi? Sun sayi goro, Ramla. Innata ta gayyaci mutane."

Ya kashe wayar.

*

Ana kiran la'asar ta ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Ta ji muryar Malam yana marhabin, da fara'ar da rabon da a ji ta tun ranar da aka buɗe adaka. Suka tafi masallaci tare, suka dawo, suka zauna a zaure. Ba wanda ya shigo, ba wanda ya kira ta.

Wannan jiran ya fi komai ciwo. Ta share tsakar gida da ba ta da datti. Ta wanke kwanon da ta riga ta wanke. Inuwar bedi ta miƙe har ta taɓa bango.

Can Malam ya leƙo.

"Yaya, ku fito ke da Ramla. Ku zo ku ga ikon Allah."

Gwaggo ta yafa mayafi ta wuce gaba. Ramla ta bi ta kamar wadda ake ja da igiya.

An shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Laminu na zaune a gefe, ya cire takalmi, kansa a sunkuye. A kan cinyarsa akwai wani abu mai faɗi, naɗe cikin sabon farin yadi. Da ya ga Gwaggo ya ƙara rusunawa.

"Gwaggo, ina wuni. Ku gafarce ni, ban yi shawara da kowa ba. Na ga rubutun da asuba, na ce in na tsaya neman izni wani zai iya riga mu, ya saye don ya ja mana rai. Shi ya sa na tahi."

Abin haushin, ba ƙarya a fuskarsa. Da mugu ne da Ramla ta sami abin riƙewa. Laminu bai taɓa ɗaga mata murya ba. Shekara nawa yana zuwa, tana ba shi uzuri, yana cewa ba komi, yana komawa.

"Na naɗe shi tun a falon matar," ya ce. "Na san ba a son ido ya gan shi. Ko direba bai gani ba."

Gwaggo ta kai hannu bakinta. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mana, ɗana."

Ɗana! Ramla ta ji kalmar har cikin ƙashinta.

Gwaggo ta miƙa hannu za ta karɓa, sai Malam ya ɗaga nasa.

"A'a, Yaya. Ta hannun wa ya fita? To ta hannunta zai koma. Laminu, ba ta."

Laminu ya miƙe, ya matso, ya tsaya nesa kaɗan yadda ya kamata. Ya miƙo da hannu biyu.

"Ramla, ga kayan Innarki. Ban yi don ki biya ni da komi ba."

Shi ya faɗi haka. Amma Malam na kallo, Gwaggo na kallo, maƙwabta biyu da suka fito shan iska sun yi tsit a kan dakalinsu. Kowa a wurin ya san abin da karɓar nan take nufi, kuma ita ma ta sani: karɓar faifan daga hannun Laminu, karɓar Laminu ce. Gobe ba wanda za a shimfiɗa wa tabarma daga gidan su Muddassir.

Ta dubi farin yadin. Ta gefe ɗaya bakin faifan ya ɗan leƙo, jan rinin nan, da ɗan tabon da haƙori ya bari a jikin kaba.

Ta ce a ranta ba za ta karɓa ba. Ta ce bari ta ce a ba Gwaggo. Ta ce bari ta juya ta shige gida, duk abin da zai faru ya faru.

Amma na uwarta ne. Ta yaya za ta bar shi a hannun wani?

Gwiwoyinta suka kai ƙasa. Ta miƙa hannu biyu, ta karɓa, ta rungume shi a ƙirji, kuka ya ɓalle mata mai sauti.

"Na gode, Yaya Laminu."

"Madalla," in ji Malam. "Madalla da ɗiyar kirki."

A daidai nan ƙarar moto ta karyo kwanar layin, ta taho, ta mutu a bayanta. Ba ta juya ba. Ta ga dai yadda fara'ar Malam ta ɗauke, ta ga Gwaggo ta sunkuyar da kai.

"Salamu alaikum," in ji Muddassir.

Ba wanda ya amsa da wuri. Ramla ta juyo a hankali, tana durƙushe a gaban Laminu, faifan a ƙirjinta. Ya yi butu-butu da jar ƙasar hanya, leɓɓansa sun bushe, hannunsa ɗaya har yanzu yana kan moto. Bai dubi Malam ba, bai dubi Laminu ba. Ita yake kallo.

"Ramla," ya ce, "kin karɓa?"